Kujerar Waya

Na iso Tariat da alƙaluma goma sha biyu,
huɗu sun daskare a jaka tun kafin in sauko daga mota.
A ajin makaranta aka ba mu wuri,
murhun ƙarfe a tsakiya yana cin busasshen kashin shanu,
makiyaya ashirin da uku cikin riguna masu nauyi,
kowa ya riƙe ƙoƙon shayi mai gishiri,
kowa ya riƙe bakinsa.

Magana ɗaya ta tara mu:
in ciyawa ta ƙare a tudu, garken wa zai fara sauka kwari, kuma yaushe?
Ni ko tunkiya ɗaya ba ni da ita.
Aikina in raba magana yadda ake rabon nama,
kada mai dogon hannu ya kwashe tsoka
ya bar wa mai kunya ƙashi.

Mutum shida ƙanƙara ta tsare su a gida.
Sai na jawo kujera cikin da'ira,
na jingina waya da littattafan lissafin yara,
ga fuskoki shida, kowace ba ta fi ƙwayar wake ba.
Na ce, waɗannan ma suna nan.
Aka yi dariya, ba a musa ba, ba a kuma yarda ba.

Purevdorj ya miƙe.
Shi irin mutanen nan ne da in sun buɗe baki
sai shayi ya huce.
Ya zana kwarin a takarda, ya zana rafi, ya zana kansa kusa da rafin.
Na bar shi ya yi nisa, sannan na miƙa masa ƙoƙo,
don mai kurɓa ba ya huɗuba.

Muryar nesa makara take yi,
kamar ɗan aike da ya biya ta kasuwa.
Ka yi tambaya, shiru.
Ka zaci ba amsa, ka wuce,
sai ta iso ta tarar an rufe ƙofa.
Sau uku na yi wa Yanjmaa haka.
A na huɗu na danne harshena, na ƙirga goma a zuci,
na ƙara biyar.

Ashe kan tsauni take, bisa doki,
nan kaɗai waya ke kamawa.
Iska na tsinka maganarta gunduwa-gunduwa.
Ta ce, idon ruwan da ke—
sai hoton ya tsaya cak, baki a buɗe, gira duk farin raɓa.

Ba wanda ya motsa.
Na ji tafasar buta, na ji wani yaro yana goge hanci a baranda.
Hannuna ya kai ga batu na gaba,
sai Purevdorj, shi da kansa, ya ce, a jira ta.

Minti bakwai. Na duba agogo, ban ɓoye ba.

Da ta dawo ba ta yi sallama ba:
idon ruwan ya ƙafe tun kaka, ta je da ƙafarta, ta tona da hannunta.
Duk taswirar da muka manna a bango
a kan ruwan da babu muka gina ta.
Gani ya kori ji.
Aka yage takarda, aka durƙusa a ƙasa,
alƙalami na yawo daga hannu zuwa hannu,
ni kuwa na koma gefe ina yanka salatif.

Ba a gama ba, sai wata mai zuwa.
Da nake naɗe igiyoyi da yamma
na ga ƙoƙo a gaban kujerar waya, cike, ya yi sanyi.
Ban san wanda ya zuba ba.
Ban tambaya ba.